Dalilin da Ya Sa Turawa Ke Rubuta K Ba Sa Faɗinta

Dalilin da ya sa, yara, kuke ganin k tsaye a gaban knife da knee amma ba mai kiranta, ƙayar kifi ce ta jawo.

A da can, Turawa duk abin da suka rubuta sai sun faɗe shi. Wuƙa knyf suke rubuta ta, su ce "kinif", bakinsu cike. A fadar wani sarkinsu akwai magatakarda, Wilkin, dattijo mai taƙama da cewa alƙalaminsa bai taɓa rubuta abin da kunnensa bai ji ba.

Ran nan ƙayar kifi ta maƙale wa sarki a maƙogwaro. Aka ciro ta da ƙyar, amma daga ranar k ta ƙi fita daga bakinsa in tana gaban n. Ya nemi wuƙa, sai aka ji "nif". Kafin azahar fadawa duk sun koma "nif". Wani kuku da labari bai kai masa ba ya ce "kinif", aka zane shi wai yana yi wa sarki ba'a.

Sai sarki ya sa Wilkin rubuta wasiƙa a aiko da wuƙaƙe. Wilkin ya rubuta nyf. Sarki ya duba takarda, ya haɗa gira.

"Ina k ta tafi?"

"Ranka ya daɗe, yadda ka faɗa na rubuta."

"Wato ban iya magana ba ke nan? Nif! Jama'a, ba ku ji k ba?"

Fadawa suka ce, "Mun ji ta, ranka ya daɗe! Yau ma ta fi jiya fitowa!"

Wilkin ya waiga, ya ga hauni mai sare kai ya matso yana shafa takobi. Ya tuna 'ya'yansa shida. Ya ɗauki alƙalami ya mayar da k.

Sarki ya ce, "Karanta mana."

Wilkin ya dubi k a takarda. In ya faɗe ta, ya yi ba'a. In ya goge ta, ya ƙaryata sarki. Sai ya ce, "Nif."

"Madalla! Ka ga ta fita sarai."

Sarki ya mutu, Turawa suka sake wa kalmar rubutu sau da dama, amma ba a sami mai ƙarfin halin taɓa k ba.

Shi ya sa har yau in kun bar ta a rubutu malami ya ja muku jan biro, in kun faɗe ta aji ya fashe da dariya.