Jan Fenti a Kan Laka

Akwai wani saurayi a wani gari, yana da wa ɗan acaɓa. Wata rana da damina wan ya faɗi da babur a hanyar kasuwa, bai tashi ba. Aka binne shi, aka turo babur ɗin gida, aka jingine a zaure, don babu wani wurin ajiye shi. Robar gefen hagu duk ta karce, lakar hanyar nan kuma ta bushe a cikin karcen.

Gidan kuwa ƙofarsa ɗaya ce. Uwarsu ta leƙo zaure, ta ga robar, ta koma ɗaki. Tun daga ranar ba ta ƙara fita ba, ko kasuwa, ko sujada. Matan zumunta na majami'a suka yi ta sintiri har suka gaji.

Saurayin ya ce a ransa, "In ta daina ganin karcen nan, za ta fita." Ya je ya sayo gwangwanin fenti irin na fesawa, ja, launin babur ɗin. Mai shago yana gaya masa yadda ake yi, shi kuwa yana gyaɗa kai, hankalinsa yana gida.

Ya ɗebo ruwa zai wanke robar. Da yatsansa ya taɓa lakar, sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya ture bokitin gefe, ya girgiza gwangwani, ya fesa a kan laka da ƙura da baƙin mai duka. Da yamma abin yana ta sheƙi. Da gari ya waye ya sa farce, sai fenti ya salluɓe kamar ɓawon soyayyar gyaɗa. Ga karce nan, ga laka nan.

"Jabu aka sayar mini!" in ji shi. Ya sayo wani. Wannan karon ya matso da bakin gwangwanin dab da robar, ya danna, ya ƙi sakewa. Fenti ya taru, ya riƙa zubowa layi-layi, ya ɓata kujera, ya ɓata taya. Ƙudaje suka manne. Kaza ta zo wucewa ta goga fiffike, ta fita da jan gefe tana kyarkyara. Ya zagi kaza, ya zagi iska, ya zagi mai shago, ya hauri gwangwanin har ya bugi bango. Wari ya cika gidan.

Daga ɗaki aka ji tarin uwar. "Auta! Kashe ni za ka yi da warin nan?"

Faɗa ne ya fito da ita. Tana faɗa tana tafiya, ba ta ankara ba sai ga ta a tsakiyar zaure. Ta tsaya. Ta dubi robar ta daɗe.

"Ka wanke ta?"

"Mama, ai fenti zai rufe."

"Tambayarka na yi. Ka wanke?"

Ya girgiza kai.

"Kai dai ba ka da wayo. Ku biyu na raina a gidan nan. Ka taɓa ganin na shafa wa ɗayanku mai ban yi masa wanka ba? Kwance mini ita. Kawo soso da sabulu."

Ya kwance robar, ya kankare jiƙaƙƙen fentin. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora robar a cinya, ta fara cuɗawa.

"Mama, lakar wurin ce fa."

"Na sani. Zuba ruwa."

Ya zuba. Ruwan ya gangara ta bakin ƙofa, su biyu suna kuka, ba wanda ya hana wani. Sai a lokacin maganar mai shago ta dawo masa. Ya goge robar da samfefa, takardar nan mai kaushi, har ta daina sheƙi, ya bari ta bushe. Ya sayo fenti mai ruwan toka da ake fara fesawa kafin launi, ya fesa, ya jira. Sa'an nan ya fesa jan daga nesa, sama-sama, ya jira, ya ƙara. Karce guda mai zurfi bai ɓace ba, ana ganin alamarsa. Amma fentin ya kama.

Ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwali, ta hau bayansa a kan babur ɗin. Ta riƙe rigarsa da hannu biyu, ta ce, "A hankali."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Robar nan zuciyar mutum ce, lakar kuwa baƙin cikin da ya ƙi taɓawa. Fentin shi ne "lafiya lau" ɗin da muke ta fesa wa juna a bakin ƙofar majami'a. Mutum ya binne nasa, mu ce masa ya yi haƙuri, ya tashi ya yi waƙa. Ya yi waƙar da ƙarfi, kafin Litinin ta salluɓe. Sai mu ce bangaskiyarsa ce jabu. Haba, jama'a!

Ubangiji ba ya ƙyamar laka. Yakan zauna a ƙasa tare da mutum, ya ɗora abin a cinyarsa. Wankin da zafi, gugar ta fi zafi, jiran kuma ya fi su duka. Tabon ma ba lalle ya tafi ba. Amma abin da ya shafa bayan wanki ba ya salluɓewa.

Saboda haka, in ka ga ɗan'uwanka tsaye a zaure da gwangwani a hannu, kada ka saya masa wani. Ɗebo ruwa.