Dashen Gwanda Goma Sha Biyu da Zana Bakwai

Akwai wani manomi da ƙanensa ya kawo masa dashen gwanda goma sha biyu daga wani gari mai nisa. Irin nan ne mai zaƙi wanda babu shi a ƙauyensu. Manomin ya yi murna ƙwarai, ya zaɓi kusurwar bayan gida inda katanga biyu suka haɗu, domin gefe biyu kaɗai zai shinge.

Amma awakin unguwar ba sa barin ɗanyen ganye, zana bakwai kuma ke gare shi, ga shi gobara ta cinye gambar daji a shekarar. Kowane dashe yana bukatar fili mai faɗin zana ɗaya.

Sai ya auna layi ɗaya dogo. Ya ga zai ci zana goma sha biyu a tsawo, da ɗaya a faɗi, sha uku ke nan. Ransa ya ɓaci. Ya zauna a kan turmi yana gunaguni, yana cewa Allah ya ba shi dashe ya hana shi shinge. Har ya ƙudura zai shuka shida, ya bar sauran su bushe.

Matarsa tana tankaɗe, ta ji shi. Ta ce, “Maigida, wa ya ce dole sai layi ɗaya?”

Can ya tsinci tsakuwa goma sha biyu, ya jera su layi biyu, shida shida. Shida a tsawo, biyu a faɗi, takwas. Saura zana ɗaya tak. Wannan ya fi na farko ciwo, har ya miƙe zai watsar da tsakuwar. Ya dai daure ya sake tsugunawa, ya jera layi uku, huɗu huɗu. Ya ƙirga, ya ƙara ƙirgawa: huɗu da uku, bakwai.

Nan take ya cire hularsa ya durƙusa. Ya ce, “Ya Ubangiji, ashe tun farko ka ba ni abin da ya isa. Na gode.” Kafin a sako awaki da yamma, shi da matarsa sun kafe zana ta ƙarshe, ba dashe ko ɗaya a waje.

Ma'anar wannan misali ita ce: dashen nan nawayar da Allah ya danƙa mana ce, zanar kuwa ƙarfin da ya ba mu. 'Yan makaranta a cikinku sun san irin lissafin nan, inda ake neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da goma sha biyu, in an haɗa su kuma su ba da bakwai. Ɗalibin kirki yakan gwada dukan hanyoyi, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ce babu amsa. Mu kuwa, 'yan'uwa, sau da yawa hanya ɗaya muke gwadawa, sai mu fara ƙorafi. Kada ka yar da abin da aka ba ka domin shirinka na fari bai yi ba. Ka saurari wanda Allah ya ajiye kusa da kai, ka sake jerawa. In ya yi daidai, kada ka tashi daga wurin sai ka gode masa.