Mutanen Malam Alhusaini a Cikin Tele

Akwai wani tsoho a wani ƙauye bayan Keita, ana ce da shi Malam Alhusaini. Tun ranar da anka binne Jima, abokinsa na ƙarshe cikin tsararsa, tsohon nan ya daina cin abinci. Matarsa ta daɗe da rasuwa. In an kai masa tuwo sai ya dawo yadda anka kai shi, hura kuwa kurɓi ɗaya zai yi ya ture ƙwaryar. An kai shi likita, anka duba, anka ce jikinsa ba ciwo. Amma kowa na gani rigarsa kullum ƙara yi masa yawa take.

Wadda abin ya fi damu ita ce Bushira, matar ɗansa, don ita ke kai ƙwaryar, ita ke ɗauko ta a cike.

Mijinta Abdoulkadir, ɗan farin tsohon, bai daɗe da dawowa daga Abijan ba. Ya zo da tele, wato talabijin, da faifan sola, da wani akwatin wasa. Wasan da ya fi so a ciki shi ne na mutanen Amerika da ake ce wa bezbol: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da sanda ya ruga da gudu. In ya kunna, ba ya jin kira.

"Dubi zuhwa a goshinai!" haka yake ce wa abokansa. "Dubi inuwa tana bin mutum, dubi ciyawa. Wanga da gaskiya ba su da bambanci."

Ya koya wa Bushira riƙon manet, abin latsawar nan na hannu, ba don komai ba sai don ya sami wanda zai riƙa cinyewa in abokan sun watse.

Sau ɗaya tsohon ya taɓa leƙowa ya tambayi mene ne. Abdoulkadir ko juyowa bai yi ba.

"Ba za ka gane ba, Baba. Abin zamani ne."

Ku 'yan yanzu sai na yi muku bayani. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi gaban mutane, ba ya yabonsa. Kunya ce. Amma Abdoulkadir ya je birni ya ga uba na rungumar ɗansa a titi, sai ya sa a ransa cewa nasa uban bai taɓa son sa ba.

Wata rana ya tafi Madaoua sayen albasa, zai yi 'yan kwanaki. Da hantsi Bushira ta gama aiki ta kunna wasan don ta rage kewa. Mai sanda ya maki ƙwallo, ƙwas! Sai ta ji muryar tsohon daga zaure, muryar da ta kwana biyu ba ta ji ta da ƙarfi haka ba.

"Wa ke bugun ƙodago cikin gidanga?"

Surukuwa ba ta hira da uban miji, kowa ya sani. Gaisuwa ce a durƙushe, a aje ƙwarya, a tashi. Bushira ta tsaya tana auna kunyar da kuma ƙwaryar da ke dawowa a cike. Sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta juyo da telen, ta je ta durƙusa.

"Baba, taho ka gani."

Ya zo yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki.

"Wanga ai wasanmu ne sunka sace. Sai dai ƙarya ta yi yawa ciki. Ina akuyar da ke ratsa hili ana tsakar wasa? Ina uwar da ke zuwa ta ja kunnen mai bugu, ta ce jaki bai sha ruwa ba? Kuma dubi tufafinsu fes, kamar masu zuwa ɗaurin aure."

Bushira ta rufe baki da gyale tana dariya.

Daga nan labari ya ɓalle. Ya ce in an gama girbin hatsi, an ɗaure dammuna, samari sai su gangara cikin kori, busasshen rafin nan mai yashi. Ƙwallonsu ƙodagon goruba ne, sandarsu reshen aduwa mai lanƙwasa. 'Yan mata na zaune a bakin gaɓa suna tafi. Ni ma mai ba ku labarin nan na zauna a irin wannan gaɓar, kuma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ƙodago.

Bushira ta ce, "Baba, ai cikin wanga abu ana iya ƙera mutum. Ka hwaɗi kamanninai, in yi shi, in sa mishi suna."

"Ko wanda ya mutu?"

"Ko wanda ya mutu."

Ya gyara zama. Can ya ce, "To yi min Rabo. Siriri ne kamar karan dawa, kuma bahago ne. Kada ki ba shi sanda a dama, zai yi hushi."

Ta yi Rabo. Da siririn mutumin ya fito a tele ya gyara tsayuwa da sanda a hagu, tsohon ya dafe baki.

"Kai, ɗan banza! Ashe kana nan."

Sai Almu, gajere mai tumbi, wanda bai taɓa gudu ya kai ba sai ya faɗi. Sai Maiguwa mai rantsuwar ƙarya, ko an gan shi ya taka layi sai ya ce inuwarsa ce. Da anka zo kan Jima, sai da Bushira ta canza hancin sau da yawa kafin ya yarda. Tana cikin haka ta tura masa ƙwaryar hura kusa da gwiwa a hankali. Yana faɗan hancin Jima yana kurɓa, har ƙwarya ta koma wayam bai sani ba.

Kashegari tun da safe ya zo da kansa. Anka yi Nuhu da Yaro da Hamidu, anka yi tsohon shi ma yana saurayi. Ranar har tuwo ya ci, ya ce miyar ba gishiri.

Bushira ta ce, "Baba, mutum tara ake so. Saura guda."

Tsohon ya dubi ƙasa yana wasa da bakin tabarma.

"Yi wani dogo. Mai wushirya. Da tabo nan bisa gira, inda jaki ya shure shi yana ƙarami."

Hannun Bushira ya tsaya, don tabon nan kullum tana ganinsa a fuskar mijinta.

"Wane suna za a sa, Baba?"

"Bar shi hakanan. Ki dai sa shi bayana, in na buga shi buga." Ya ɗan nisa. "Na taɓa sassaƙa mishi 'yar sanda. Kahin ya isa riƙe ta, balo, ƙwallon ƙahwa, ta shigo gari, kowa ya bar kori. Ba mu taɓa wasa tare ba."

Da Abdoulkadir ya dawo daga Madaoua, wanka kawai ya yi ya kunna abinsa. Maimakon zaratan 'yan wasansa sai ya ga wani mai tumbi wai shi Almu. Bushira na madafa ta ji yana faɗa.

"Wa ya cika min wasa da 'yan ƙauye? Abin da anka yi shi kamar gaske, an maishe shi wasan yara!"

Kafin ta aje muciya ta iso, ya goge su duka.

Da safe tsohon ya zo, har da sabuwar hula. Ya zauna a tabarmarsa ya ce, "Ɗiyata, kira min mutanena." Bushira ta durƙusa ta kasa ɗaga kai. Ya dubi tele, ya ga baƙin fuskoki. Ya dubi ɗansa. Bai yi faɗa ba.

"Sun sake mutuwa ke nan," ya ce, ya tashi ya koma zaure.

Ranar ƙwarya ta dawo a cike. Kashegari ma haka.

Bushira ba mai ɗaga murya ba ce, amma ta sami mijinta a ɗaki ta tsaya a kansa.

"Malam, ka san wa ka goge?"

"'Yan ƙauyen banza da ban sani ba."

"Abokan Baba ne, duk suna ƙasa. Su sunka sa shi cin tuwo. Na taransu kuwa dogo ne mai wushirya, da tabon jaki bisa gira. Ya ce kada in sa suna, in dai aje shi bayanai."

Abdoulkadir ya kai hannu ya taɓa girarsa. Sannan ya ce:

"Ke kin san su. Ki sake yin su."

"Ba ni na goge ba. Ka tashi ka tambaye shi."

Ya kinkimi telen da kansa ya kai zaure, ya ja waya, ya zauna a ƙasa. Tsohon na kwance ya ba shi baya.

"Baba, na yi kuskure. Hwaɗa min su in maido su."

Tsohon bai juyo ba.

Bushira daga bakin ƙofa ta raɗa masa, "Hwara da Rabo." Shi kuwa bai san Rabo ba, bai taɓa tambaya ba. Ya ƙera wani ƙato mai faɗin ƙirji, ya ba shi sanda a dama, ya sa shi bugu. Ƙwas!

Tsohon ya ɗan waigo da ido ɗaya. Ya mai da kai. Ya sake waigowa. Abin ya fi ƙarfinsa, ya tashi zaune.

"Kai! Wanga bijimin ne Rabo? Rabo da iska ke kadawa? Kuma wa ya ce maka da dama yake bugu? Rage shi!"

"To, Baba. Haka?"

"Ƙara ragewa. Kai da ka ce ka san abin zamani."

Har azahar suna nan. Uban na faɗa, ɗan na gyarawa yana tambaya, wa ya fi gudu, wa ya auri wa, me ya kashe Nuhu. Abin da bai ji ba tun yana yaro, ranar ya ji shi. Da sunka zo kan na tara, Abdoulkadir ya yi dogon, ya sa wushirya, ya sa tabo, sannan ya ce:

"Wanga fa, Baba, mi a sunanai?"

Tsohon ya kau da kai wajen ƙofa, kamar ba da shi ake ba.

"Ɗiyata, gaya mishi shi rubuta da kainai, ai ya san shi. Kuma kawo hurar nan. Ki kawo ludayi biyu."

Darasi: Tsohon da ke gidanku ba tuwo kaɗai yake buƙata ba, yana son wanda zai zauna ya tambaye shi mutanensa. Kada ka raina abin da ya sani don kana riƙe da abin zamani, kuma kada ka ce ubanka ba ya son ka don bai faɗa da baki ba, iyayenmu da kunya anka raine su. Ku aje wayar nan ku je ku zauna da su tun suna iya ba ku amsa. Amma kafin ku aje, ku tura wa 'yan uwanku labarin, musamman waɗanda ke can wajen biɗar kuɗi sun bar tsofaffi a gida.