Tsinken da Zanzaro Ya Rufe a Tulu

Dalilin da ya sa Zanzaro ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum yana ɗakunan mutane yana leƙen lungu, shi zan gaya muku yanzu, in dai Ladidi za ta daina kai masa duka da mafici ta zauna.

A da can ba haka yake ba. Rumfa gare shi a bakin rafi, kusa da wata kuka, nan yake wuni yana gina shanu da dawaki da raƙuma na yumɓu. Ba sayarwa yake yi ba, sha'awa ce kawai. Kayan aikin ma da hannunsa ya haɗa su. Ya tsaga kara ya yi abin yankan laka, ya goga sakaina a dutse har ta yi sumul don shafe ƙugun doki, ya tsinko ƙayar aduwa ta huda ido. Amma wanda ya fi so duk cikinsu wani tsinke ne na ƙayar beguwa. Kwana bakwai ya yi yana wasa shi, kai ɗaya tsini, ɗaya kan mai faɗi, ya naɗe tsakiyar da zare don kada ya suɓuce masa. Da shi yake fitar da gezar doki gashi-gashi. Ko matarsa Rina ba ta isa ta taɓa shi ba.

To, a garin nan ba a hana maƙwabci aro. Ko allura ce da kai, aka yi sallama aka tambaya, sai ka miƙa. Maƙwabcin Zanzaro kuwa Buzuzu ne, kun dai san abin da yake wuni yana mirginawa.

Wata safiya Buzuzu ya leƙo rumfa. "Maƙwabci, an tashi lafiya? Don Allah tsinken nan naka za ka ara mini, in ɗan yi wa dunƙulena ado."

Zanzaro ya dubi hannuwan Buzuzu, ya tuna wahalarsa ta kwana bakwai. Sai ya ce, "Wayyo, ka makara. Jiya ya faɗa rafi, ruwa ya tafi da shi."

"Assha! Allah ya mayar da alheri," in ji Buzuzu. Ya fita yana ba kowa labari. Kafin azahar mutanen gari sun cika rumfar suna yi wa Zanzaro jaje.

Daga nan hankalinsa ya tashi. Ya soke tsinken a rufin rumfa, ya ga kamar ana hango shi. Ya binne, ya koma ya tono. Can dai ya gina ɗan tulu, ya jefa shi ciki, ya liƙe bakin da laka. Ya zauna ke nan sai ya sake zabura: tulu ɗaya tilo a liƙe, ai kowa zai tambayi abin da ke ciki. Ya gina wani irinsa sak, ya ƙara wani, har suka kai arba'in, ya jera su a rana. Shi kaɗai ya san na uku daga gindin kuka shi ne mai kayan.

Rina ta fito ta riƙe ƙugu. "Maigida, wai me ya same ka? Tulu ba baki, wa zai sha ruwa a cikinsa?"

"Ke dai bar ni," in ji shi. Ya ɗauki ƙwarya ya tafi ƙaro yumɓu.

Yana can hadari ya haɗo. Ɗanyen gini kuwa in ruwa ya taɓa shi ya tashi aiki, don haka a garin, da an ga hadari, kowa kan ruga ya taya mai gini kwashewa. Rina ta ƙwala kira, mata da maza suka fito a guje, kowa ya sunkuci tulu ya yi ɗakinsa da shi.

Zanzaro ya dawo jiƙe sharkaf, ya tarar da fili fayau. "Ina tulunana?"

"Suna ɗakunan mutane. Na ce kowa ya riƙe nasa kyauta, na gaji da tuntuɓe da su."

"Na uku daga gindin kuka, wa ya ɗauka?"

"Ana ruwa zan tsaya duba fuska? Me ke cikinsa ne?"

Zanzaro ya juya ya dubi ɗakunan maƙwabta. An riga an yi kyauta, ba a karɓo ta. In kuma ya faɗi gaskiya, duk waɗanda suka zo masa jaje za su san ƙarya ya yi musu. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya cika masa ciki. Gezar doki dai bai sake fitarwa ba. Ga Buzuzu, duk inda suka haɗu sai ya tsaya ya ce, "Maƙwabci, ya haƙurin tsinke?" Dole ya amsa, "Da godiya."

Shi ya sa har yau Zanzaro yake faɗowa ɗakin mutane ba sallama, ya duba bayan ƙofa, ya duba ƙarƙashin gado, yana gunaguni. In ya gaji sai ya gina ɗan tulu a bango ya liƙe bakinsa, ko zai tuna kamannin wancan. Ki bar shi ya duba, Ladidi. Tsinken ba ya ɗakin nan, amma ba shi da bakin tambayarki.