Igiyar Kunkuru da Bulalar Kurege

Ke Lantana, tatsuniya kuma? Kwanon da kika ci tuwo ga shi can ƙudaje na walima a ciki, amma bakinki ya iya roƙon tatsuniya. To, ku matso, kuma kada in ji tari.

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, yunwa kuke ji? Yauwa, ta zo ku ji ta.

Kunkuru dai ɗan kasuwa ne, gero yake saye ya ajiye. Yana da wata igiya da ya shekara bakwai yana ƙulla ta. In gero ya tashi ya yi ƙulli, in ya faɗi ya yi ƙulli. Har ta kai in ya shafa igiyar nan, ya san ranar saye, ya san ranar sayarwa. Bai taɓa faɗuwa ba.

Kurege kuwa dillali ne, idonsa kan kayan mutane. Ran nan Kunkuru ya tafi wanka, Kurege ya leƙa ɗakinsa, ya ɗauko tasa igiyar, ya kwaikwayi ƙullin nan kaf. Yana fitowa aka kama shi, sai gaban alƙali Dila.

Dokar garin, ɓarawo na shan bulala ɗaya ne kan kowane buhu da abin satar ya kai. To, igiya buhu nawa ce?

Kunkuru ya ce, "Allah ya gafarta malam, shekara bakwai! Da wannan tafiyar tawa! Buhu ɗari."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, igiyarsa tana ɗakinsa. Me ya ɓata? Wannan tawa ce, ko akuya ba za ta ɗaure ba. Ko sau ɗaya ban yi ciniki da ita ba."

Dila ya sosa kunne. Ya ce, "Tunda banza ce, a sayar wa Kura ta ɗaure itace."

Kura ta ce, "Na saya, gyaɗa tafi ɗaya."

Jinin dillanci ya motsa. Kurege ya ce, "Albarka!"

"Buhu goma."

"Albarka!"

"Buhu talatin."

"Haba Hajiya, shafa ƙullin nan ki ji. Albarka!"

"Sittin."

"Na sallama!"

Dila ya ce, "Madalla. Da bakinka ka yi mata kuɗi. Bulala sittin, a kwantar da shi."

Dogarai suka kama Kurege. Suna riƙe da ƙafarsa ya ce, "Tsaya, malam! Kayan na wa ne?"

Kunkuru ya ce, "Nawa ne!"

"To, ni dillali ne. A kasuwar nan dillali la'ada yake ci, ɗaya cikin goma. A ba ni shida. Sauran hamsin da huɗu na mai kaya ne."

Kunkuru ya dubi dorinar, ya ja kansa cikin ƙoƙo. Daga can ciki aka ji ya ce, "Ni na yafe kasona."

Kurege ya sha shida masu kyau. Ku duba haƙarƙarinsa, shatin na nan har yau.

Ƙurunƙus kan kurege. In za ku yi ƙarya gaban alƙali, ku bar kwaɗayinku a gida. Kai Tanko, ban ce ka yi sata ba, rufe min baki. Ku tashi ku kwanta, kuma wanda ya jiƙa min tabarma shi zai wanke ta.