Murfin Farantin Mereoni

Akwai wata ɗaliba mai suna Mereoni, tana shekarar ƙarshe a fannin ilimin ƙwayoyin cuta a wata jami'a a birnin Suva. Tana da ƙwaƙwalwa, ba musu. Sai dai girman kanta ya fi ƙwaƙwalwar nauyi.

Bayan guguwa ta wuce, ta ɗebo ruwan rijiyoyi biyu na ƙauyensu, ta coci da ta bakin rafi, don aikin kammala karatunta. Dagaci ya ce duk wadda ta samu da cuta za a rufe, a sha ɗayar.

A ɗakin gwaji ta shuka ruwan a farantai masu murfi don ƙwayoyin cutar da ke ciki su tsiro, ta rubuta sunan kowace rijiya a kan murfin. Anti Premila, wadda ta shekara ashirin tana wanke farantan nan, ta leƙo.

"Ɗiyata, a gindin faranti ake rubutu. Murfi yawo yake."

Mereoni ta taɓe baki. "Anti, ke dai ji da wanke-wankenki. Ki bar mana karatun."

Ranar da ƙwayoyin suka tsiro, ta buɗe farantan gaba ɗaya don ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawaye. Da ta tashi rufewa, murfin wannan ya hau wancan, ba ta sani ba. Ta kira dagaci tana fara'a: a rufe rijiyar coci.

Aka rufe mai kyau, gari ya koma shan mai cutar.

Anti Premila hankalinta bai kwanta ba. Ta sake gwada ragowar ruwan da ke firij, ta kai wa Mereoni sakamakon. Mereoni ko kallon takardar ba ta yi ba. Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai a labarin nan.

Sati uku, taifot ya kwantar da mutum tara. Takwas suka tashi. Vika, 'yar Salote yayar Mereoni, mai shekara huɗu, ba ta tashi ba.

Mereoni ta je ƙauye da saiwar kava a hannu, wadda a al'adarsu ake damawa a sha wajen sulhu, ta durƙusa gaban dattawa tana neman gafara. Aka dama, aka tafa hannu, aka sha, dagaci ya ce an yafe. Ƙoƙon ya zo kan Salote. Ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta shanye.

"Na yafe miki, ƙanwata, tunda dattawa sun ce. Amma ni da hannuna na ɗebo ruwan nan na ba ta, saboda ke kika ce a sha. Kar ki ƙara kiran sunanta a gabana."

Darasi: Kada ka raina gyaran wanda ya daɗe a aiki don kawai ba shi da digiri. Wani kuskuren ba kai za ka biya ba, na kusa da kai zai biya. Ku tura wa ɗalibanmu, ko wani zai sauke kai ya saurara.