Bakaniken Da Ya Tsiyaya Wa Cizon Kare Man Birki

Akwai wani bakanike da ake kira Guduma. Gwanin inji ne, wannan ba musu, amma kunnen ƙashi gare shi. Duk raunin da ya ji a gareji, man birki yake tsiyayawa, ya ɗaure da tsumma, ya koma ƙarƙashin mota.

Wata rana da hantsi autarsa 'yar shekara shida ta kai masa abinci. Karen da ke gadin garejin, wanda ya kwana biyu ba ya cin komai sai dalalar da yawu, ya yi wuf ya cafke ta a ƙwauri. Wajen ɓamɓare shi, Guduma ma ya sha cizo a yatsa.

Ya tsiyaya musu man birki, ya goyo ta zuwa gida. Can suka tarar da yayarsa, wadda ke aikin shara a wani asibiti.

Tana jin labari ta ja yarinyar bakin famfo, tana ta wanke ciwon da sabulu, har minti goma sha biyar.

"Tashi mu tafi a yi muku allura yanzu," in ji ta. "Ciwon haukan kare a yawu yake. Jijiya yake bi a hankali har ƙwaƙwalwa. In ya isa, sai dai haƙuri."

Guduma ya yi tsaki. "Yaya, riƙon tsintsiya ne ya mai da ke likita? Ɗan wannan ƙwarzanen?"

Maganar ta yi mata zafi, wallahi, amma ta haɗiye. Ta saɓi yarinyar ta yi gaba. Duk ranar da aka ba su ta komawa, ita ke kai ta. Kullum sai ta biya ta gareji ta roƙi Guduma ya je a yi masa allurar, har bayan karen ya mutu.

"Ga yatsa ya warke sumul," yake cewa.

Bayan mako bakwai ya dawo gida da zazzaɓi, yatsan yana masa ƙaiƙayi. Kwana biyu yana kwance. Auta ta kawo masa ruwa a kofi. Ya kai baki, sai maƙogwaronsa ya shaƙe, jikinsa ya hau karkarwa. Ga ƙishirwa, ga ruwa, ya kasa kurɓa.

Yayar ta dafe bango. Ta san abin da ta gani.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "Auta ta gama allurarta?"

"Ta gama."

"Alhamdu lillahi. Ki yafe mini. Fitar da ita, kar ta gan ni haka."

A asibiti likitoci sun yi iya yinsu. Kwana huɗu ya ƙara a duniya.

Darasi: Cizo ko yaƙushin kare ba shi da ƙarami. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu, a garzaya asibiti a ranar, a kuma yi wa karnuka rigakafi. Kada ka raina shawara don ka raina mai ba da ita. Tura wa 'yan uwa, ba ka san gidan da zai tsira ba.